Ɓarin Ciki A Tumaki: Ɓarnar Da Cututtukan Bairus Ke Yi

 

Maganar da na kawo muku yau ta tumaki ce, musamman tunkiya mai ciki. Kowa ya sani tunkiya ita ce asusun talaka. Ita ce kuɗin taki, ita ce ragon suna, ita ce abin da ake kamawa a kai kasuwa ran da yaro ya kwanta ciwo. Amma asusun nan ba ya ƙaruwa sai ta hanyar haihuwa. Tunkiya takan ɗauki ciki wata biyar, watau kwana 150 ko ƙasa da haka kaɗan, in kuma tana samun abinci da lafiya tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. To, a ce ta yi ɓari a wata na huɗu. Malam, yi lissafi. Harawa da dusar wata huɗu sun tafi a banza. Za ta yi wata ɗaya ko biyu kafin ta murmure ta sake karɓar rago, sa'an nan ka sake zaman jiran wata biyar. Kusan shekara guda ke nan ba ka ga ɗa a turkenka ba.

In tunkiya ta yi ɓari, galibi mukan nemi dalili a abin da ya faru jiya ko shekaranjiya. Mu ce rago ya tunkuye ta, ko yaro ya jefe ta, ko ta ci wata muguwar ciyawa. Wannan yana faruwa, ba musu. Yunwa ma tana kawo ɓari, haka bakkale da waɗansu cututtuka. Amma sau da yawa abin da ya zubar da cikin ya shiga jikinta tun mako biyu ko wata guda da ya wuce, ya yi ɓarnarsa a ɓoye. Daga cikin masu irin wannan aika-aika akwai ƙwayoyin cuta da ake kira bairus, su ne zan tsaya a kansu.

ABIN DA KE RIƘE CIKI

Kafin mu san yadda ciki ke ɓaci, sai mun san abin da ke riƙe shi. A jikin dabba, har da na mutum, akwai waɗansu sinadarai da likitoci ke kira homon. Ku ɗauke su kamar 'yan aike. Wata gaɓa ce ke yin su, ta zuba su cikin jini, jini ya kai su ga wata gaɓar su gaya mata abin da za ta yi. Su ke sa tunkiya ta nemi rago, su ke sa hantsa ta cika, su ke ta da naƙuda.

Babbansu a sha'anin ciki sunansa furojestaron. Sunan yana da nauyi a baki, saboda haka zan riƙa ce masa sinadarin riƙon ciki. Muddin yana da yawa a cikin jini, mahaifa takan kwanta lafiya ba ta murɗawa, bakinta a rufe gam, tana ciyar da ɗan tayi, tunkiya kuma ba ta kula rago. Ran da ya yi ƙasa kuwa, mahaifa za ta fara turo abin da ke cikinta waje, ko lokaci ya yi ko bai yi ba.

Wuri biyu ke yin sinadarin nan, bi da bi. A gefen mahaifa akwai gidan ƙwai guda biyu, kowanne kamar girman gurjiya. Bayan barbara, a gurbin da ƙwan ya fita, wani ɗan ƙullutu yakan tsiro, likitoci na ce masa rawayan ƙullutu. Shi ne ke fara aikin. In tunkiya ba ta ɗauka ba, bayan kamar mako biyu mahaifa takan saki wani sinadari dabam mai narkar da ƙullutun, sai ta koma neman rago. Shi ya sa kuke ganin tana nema duk bayan kwana 17 ko kusa da haka. In kuwa ta ɗauka, wajen kwana na 12 ko 13 ɗan tayin da kansa yakan aika wa mahaifa saƙo cewa ga shi nan, kada a taɓa ƙullutun. Ku riƙe maganar sinadarin nan mai narkarwa, za mu dawo kanta.

Daga wajen kwana 50 sai mabiyiya ta karɓi aikin. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan haihuwar tunkiya ya ga waɗansu gudaji jajaye a jikin mabiyiya kamar manyan maɓallai. Sukan kai 70, wani lokaci har 100. Kowane ɗaya maƙale yake da takwaransa a bangon mahaifa, ta nan abinci da iska ke wucewa daga jinin uwa zuwa jinin ɗa. A nan ne kuma ake yin sinadarin riƙon ciki tun daga lokacin har haihuwa, tare da wani sinadarin mai taimakawa wajen shirya hantsa. Akuya ba haka take ba. Ita da ɗan ƙullutun nan take dogara har ta haihu, wannan na cikin dalilan da suka sa cikinta ya fi na tunkiya saurin zubewa in ta sha wahala.

Wa ke ba da umarnin haihuwa? Za ku yi mamaki, ɗan ne da kansa. A saman ƙodarsa akwai wata 'yar tsoka mai yin sinadarin da ake kira kotisol, ƙwaƙwalwarsa ce ke ba ta umarni. Cikin mako biyu ko uku na ƙarshe kotisol yakan yi ta ƙaruwa. Shi ke nunar da huhun ɗan don ya iya numfashi in ya faɗo, shi ne kuma ke sa mabiyiya ta rage yin sinadarin riƙon ciki ta koma yin mai buɗe hanya. Daga nan sai naƙuda. Kun ga ashe ciki tsari ne na saƙo da amsa tsakanin uwa da mabiyiya da ɗa, kowa da lokacinsa.

YADDA BAIRUS KE SHIGA TSAKANI

Bairus ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai, madubin likita na yau da kullum ma ba ya ganinta. Ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin naman abu mai rai, ta mai da shi masana'antarta. Shi ya sa alluran nan irin su teramasin da fenisilin, masu kashe bakteriya, ba sa yi mata kome.

Ɓarnarta ta farko zazzaɓi ce. Zafin jikin tunkiya mai lafiya wajen digiri 39 ne. In ka gwada da safe ka ga ya haura 40, akwai zazzaɓi, cututtukan nan kuwa sukan kai shi 41 ko fiye. Zafin kaɗai yana iya kashe ɗan tayi na makonnin farko. Daɗin daɗawa, jikin da ke fama da cuta yakan saki irin sinadarin nan mai narkar da ƙullutu da na ce ku riƙe. In cikin bai kai kwana 50 ba, da ma ƙullutun kaɗai ke riƙe da shi. Ya narke, sinadarin riƙon ciki ya faɗi, ciki ya tafi, alhali ƙwayar cutar ba ta ko kai ga mahaifa ba.

Waɗansu bairus kuma ba sa tsayawa a nan. Sukan bi jini su sauka a kan gudajin nan na mabiyiya, su yi ta hayayyafa suna cinye su. Abinci da iska su ragu wa ɗa, sinadarin riƙon ciki ya yi ta raguwa a jinin uwa. Wannan ba a kwana ɗaya yake faruwa ba. Sau da yawa uwar ta warke, tana cin abinci, tana tuƙa, mai ita ya manta ma ta taɓa yin kasala, sai ga ɓari. In ɓarnar ba ta kai ta zubar da ciki ba, sai a haifi ɗa ɗan tsurut, uwar kuma hantsa ba ta cika ba.

Daga mabiyiya ƙwayar tana iya tsallakawa cikin ɗan. A nan abin da zai biyo baya ya danganta ga watan da cikin yake.

In a watan farko ne, ɗan tayin yakan mutu, jikin uwa ya shanye shi. Ba jini, ba wari, ba abin da za ka gani. Abin lura ɗaya ne: maimakon ta nemi rago bayan kwana 17, sai ta yi shiru ka ɗauka ta samu, bayan wata guda ko kwana 40 ka ga raguna na bin ta. A yawon da nake yi ƙauyuka nakan ga an sayar da tunkiya mai kyau wai juya ce, ko a canja rago wai ba ya aiki, alhali ɗauka take yi cikin na lalacewa.

Wata na biyu da na uku su ne masu ban tausayi. Lokacin ne ake gina ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, ɗan kuma bai da garkuwar jiki tasa ta kansa sai ya kai kwana 60 zuwa 80. Wani ya mutu ya bushe a ciki, a haife shi baƙi ƙirin kamar tsohuwar fata, wani lokaci tare da ɗan'uwansa mai rai. Wani a haife shi da ƙafafu a sandare ba sa lanƙwasuwa, ko wuya a murɗe, ko kai cike da ruwa a gurbin ƙwaƙwalwa. Irin wannan ba aikin iska ba ne, ba kuma sammu ba ne. Kuma tun da ƙwaƙwalwar ɗa ce ke ba da umarnin haihuwa, wanda tasa ta lalace yana iya kasa ba da umarnin. Sai ciki ya wuce wata biyar, ya yi girma fiye da kima, naƙuda shiru. In ka ga haka kada ka tsaya jiƙe-jiƙe, nemi malamin dabbobi, don uwar ma tana cikin haɗari.

A wata na huɗu da na biyar ɗan ya fara iya faɗa da cuta. Wani ya ci nasara a haife shi lafiya. Wani wahalar ta sa kotisol ɗinsa ya tashi tun lokaci bai yi ba, a haife shi bakwaini, ya kasa tsayawa ya kama nono. Wani kuma ya mutu, a zubar da shi da gashinsa da kome.

CUTUTTUKAN DA ZA KU SA WA IDO

Wadda ta fi damunmu ita ce cutar nan ta majina da zawo, wadda likitoci ke kira PPR. Ƙanwar bushiya ce, ciwon shanun nan da dattawa suka sani, wanda aka ba da sanarwar an kawar da shi daga duniya a 2011. An fara bayyana PPR a ƙasar Kodibuwa a 1942. Alamunta ba ɓoyayyu ba ne: zazzaɓi, kwantsa ta manne ido, majina ta toshe hanci, miki a dasashi da leɓe, baki na wari, sa'an nan zawo da tari. Ta fi kashe awaki. Tumaki sau da yawa sama-sama take kama su, shi ya sa ake raina ta a wajensu, amma zazzaɓinta da ƙin cin abinci sun isa su zubar da ciki. Ta numfashi da atishawa da cuɗanya take yaɗuwa, kwana 4 zuwa 6 bayan haɗuwa sai alamu su fito. Babbar hanyarta kasuwa ce, musamman gabanin Babbar Salla sa'ad da dabbobin ƙasa da ƙasa ke haɗuwa a kara ɗaya. Ta fi tashi da damina da lokacin hunturu.

Ita wannan tana da rigakafi mai kyau ƙwarai. Ƙwayar da aka raunana aka yi allurar da ita ma daga Nijeriya aka samo ta a 1975. Ana yin allurar a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, allura ɗaya kuma tana tsare dabba shekara uku a ƙalla. A 2015 ƙasashen duniya sun taru a Abijan suka ɗaura niyyar kawar da PPR nan da 2030, kamar yadda aka yi wa bushiya. Saboda haka in ka ji ma'aikatan rigakafi sun zo gari, fito da dabbobinka duka. Ɓoye rabi don tsoron jangali ko bakin mutane, wannan cutar kai ce.

Ta biyu ba kullum take zuwa ba, amma in ta zo ba ta da sauƙi. Ita ce zazzaɓin Kwarin Rif, an sa mata sunan kwarin da aka fara gane ta a ƙasar Kenya a 1931, kuma a tumaki aka gane ta. Sauro ke ɗaukar ta. Akwai irin sauron da ke zuba ƙwai a gefen tafki, ƙwan ya daɗe a busasshiyar ƙasa da ƙwayar cutar a cikinsa. Shekarar da aka yi ruwa mai yawa, fadamu da kududdufai suka cika suka daɗe ba su janye ba, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe. Cutar tana cin hanta, tana kuma cin mabiyiya da sauri. Ita ba ruwanta da watan ciki. A garken da ta shiga kusan duk mai ciki tana iya yin ɓari cikin 'yan kwanaki, jariran da ba su wuce mako ɗaya ba kuwa tara cikin goma sukan mutu.

Kada wani ya ce ai wannan ta Kenya ce. Ta ɓarke a Masar a 1977, da Muritaniya a 1987. A shekarar 2000 ta haye teku ta shiga Saudiyya da Yaman, har aka hana shigo da dabbobi daga ƙasashen gabashin Afirka, makiyaya suka yi hasara mai yawa. A 2016, ƙarshen damina, ta ɓulla a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wajajen Cintabaraden, dabbobi suka yi ta ɓari, mutum sama da 30 suka rasu. A Nijeriya ma gwajin jini ya nuna alamarta a jikin tumaki da awaki da shanu da raƙuma. Ku lura da na ce mutane sun rasu. Cutar nan tana kama mutum ta jinin dabba mara lafiya da ruwan ɓari, wajen yanka da fiɗa da jawo ɗa da hannu. Yawanci zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, amma wani takan taɓa masa ido, wani ƙwaƙwalwa, wani ya yi ta zubar jini. Akwai rigakafinta na dabbobi a waɗansu ƙasashe, amma tsohon irinsa shi kansa yana sa ɓari in aka yi wa mai ciki, don haka hukuma ce ke yanke shawarar yinsa.

Akwai kuma cutar shuɗin harshe, wadda waɗansu ƙananan ƙwari masu cizo irin ƙyashi ke yaɗawa. Tumakinmu na gida, 'Yankasa da Uda da Balami, sun saba da ita, da wuya ta nuna a jikinsu. Wanda zai yi hattara shi ne mai sayo irin tumakin ƙasashen waje don gyaran iri.

Ta ƙarshe zan ambace ta ne don darasin da ke cikinta. Sunanta cutar kan iyaka, don an fara ganin ta a kan iyakar Ingila da Wels a 1959, 'yar'uwarta kuma tana kama shanu. Uwar ba ta nuna kome. Amma in ƙwayar ta shiga ɗan tayi tun bai da garkuwa, jikinsa yakan ɗauke ta a matsayin nasa, ba zai taɓa yaƙar ta ba. A irin 'ya'yan nan sinadarin da ke fitowa daga maƙogwaro, daidai inda maƙoƙo ke kumbura, yakan yi ƙaranci, jijiyoyi kuma ba sa ginuwa daidai. Sai a haifi ɗa ƙarami mai karkarwa kamar mai jin ɗari. In ya rayu karkarwar takan ragu, amma har ya mutu yana zubar da ƙwayar cutar a majina da miyau da fitsari. Ɗan da aka haifa yana rawar jiki, ko wanda ya ƙi girma ba dalili, kada a bar shi don iri, kada kuma ya zauna cikin masu ciki.

Rago ma yana da nasa rabo. Zazzaɓi mai zafi yana lalata maniyyinsa, sabo kuwa ba ya nuna sai bayan kamar mako bakwai. Ragon da ya tashi daga ciwo zai yi ta hawa, amma kada ka dogara da shi sai ya yi wata biyu.

MAGANIN KASUWA

Wani zai ce, to Malam, tun da sinadari ne ya yi ƙasa, ba sai a yi mata allurarsa ba? A'a. In mabiyiya ta lalace ko ɗan ya riga ya mutu, allurar riƙon ciki ba za ta ta da shi ba, sai dai ta tsare mushe a cikin uwa ya ruɓe ya kashe ta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne allurar da ake kira dekisametason, wadda masu sayar da magani a kasuwa ke ba kowa in dabba ta yi kasala. Ita kwaikwayon kotisol ce, sinadarin nan da ɗa ke ta da naƙuda da shi. Ka yi wa tunkiya mai tsohon ciki, ka ba mabiyiya umarnin haihuwa da hannunka. Ga shi kuma tana rage garkuwar jiki daidai lokacin da ake bukatarta. Haka maganin tsutsar ciki mai suna albendazol, kada a ba tunkiya a cikin wata ɗaya da rabi na farkon ciki, yana iya naƙasa ɗan. Teramasin yana da amfaninsa, yana taimakawa kan ciwon huhu da ke biyo bayan PPR, amma malamin dabbobi ne zai faɗi awo. Allura ɗaya kuma kada a tsira wa dabba goma, da bakin allura ma ana raba cuta.

ABIN YI

Aikin duka kafin barbara yake. A yi wa garke rigakafin PPR tun tumaki ba su ɗauki ciki ba, 'ya'ya kuma in sun kai wata huɗu. Allurar ba ta son zafi. In ka ga an fito da ita daga aljihu ba daga akwatin ƙanƙara ba, ko an haɗa ta tun safe ana yi har la'asar, ruwa kawai ake tsira wa dabbarka.

Duk dabbar da ka sayo, ko ka kai kasuwa ba ta sayu ba ka dawo da ita, ko aka ba ka kiwo, ka ɗaure ta dabam mako uku, da kwanon ruwanta da na abincinta. Na san gidajenmu ba su da fili, amma ko bayan ɗaki ne ko zaure ya fi a haɗa ta da masu ciki ran da ta zo. Ragon aro ma haka.

Da damina, shekarar ruwa mai yawa, a nisanta masu ciki daga bakin tafki da fadama, musamman daga magariba zuwa safiya. A kwantar da su a kan tudu, a yi musu hayaƙi, a cike ramukan da ruwa ke kwanciya kusa da turke.

Sa'an nan abinci. Kashi biyu cikin uku na girman ɗa, ko fiye, a mako shida na ƙarshe yake yinsa, lokacin kuma garkuwar uwar takan yi rauni. Harawarka mai kyau da dusa da ƙowa da 'ya'yan gawo, ka ajiye su don wannan lokaci, da gishiri ko kanwa da ruwa mai tsabta. Mai tagwaye in ta daina ci kwana biyu ko uku a watan ƙarshe tana iya kwantawa ta rikice ta mutu, saboda haka mai ciki in tana ciwo a lallaɓa ta da ɗanyen ganye da kunun dusa, kada a bar cikinta wayam. In ta haihu, a tabbata ɗan ya sha dakashi cikin awa shida na farko. A tumaki garkuwar uwa ba ta wucewa ta mabiyiya, ta dakashi kaɗai ɗa ke samun ta, bayan kwana ɗaya kuwa hanjinsa ya daina karɓa. Rigakafin da ka yi wa uwa ta nan yake isa ga ɗa. Masu tatse dakashi su zubar wai ƙazanta ne, don Allah a bari.

Ku riƙa rubuta ranar barbara, da boko ko da ajami, ko a jikin bango ne. Da rani raguna a sake suke, ba kullum ake gani ba, amma ko ranar kasuwar da ka ga ana bin ta ka riƙe, ta wadatar. Ka rubuta kuma ranar da ta yi kasala ko ta ƙi ci. Da waɗannan ranaku biyu malamin dabbobi zai gane abubuwa da yawa.

To, in ɓarin ya riga ya faru fa? Kada ka taɓa da hannu tsirara. In babu safar hannu, sa leda biyu. Mace mai juna biyu kada ta je kusa sam, don da yawa cikin cututtukan da ke sa tunkiya ɓari suna iya taɓa cikin mace. Yara ma a kore su. Kada a jefa wa kare, kada a yar a juji ko a kududdufi. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a binne ɗan da mabiyiya da shimfiɗar da ruwan ya jiƙa, ko a ƙone su. A wanke hannu da sabulu. Uwar a ware ta mako uku ko fiye, har ruwan da ke fita ya tsaya. Kada a sha nononta ɗanye, dabbar da ke cikin zazzaɓi kuma kada a yi saurin sa mata wuƙa don gudun hasara, a wajen yankan nan ne mutane suka fi kamuwa.

Tunkiya ɗaya ta yi ɓari, wannan yana iya zama tsautsayi. Amma in biyu ko uku suka yi cikin mako ɗaya ko biyu, ko ka ji maƙwabta ma suna kuka, ko jarirai na mutuwa, ranar nan ka sanar da asibitin dabbobi da mai unguwa. Kafin ka binne, tambayi malamin dabbobi ko yana son gani. Kada ka farke cikin ɗan. In ya ce a kawo, a ƙulle a leda biyu tare da mabiyiya, a sa ƙanƙara in da hali, don a jikin mabiyiya aka fi gane mai laifi. Ka gaya masa tumaki nawa suka yi, cikin kwana nawa, cikin wata nawa ne, ko an shigo da baƙuwar dabba, ko ruwa ya kwanta kusa, da irin maganin da aka ba su, kada ka ɓoye. In kuma wani a gidan ya yi zazzaɓi bayan ya taɓa ɓari ko ya yi fiɗa, a kai shi asibiti a gaya wa likita abin da ya taɓa, kada a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne da aka saba.

Mai tambaya ya samu malamin gona ko malamin dabbobi na yankinsa.